Hunturun Baban Mubina

Mijina shi kaɗai na sani da ke yin hunturu a Kuala Lumpur. Sunansa na yanka Muttaƙa, amma ba za ku sake jin sa a bakina ba, ni Baban Mubina nake cewa. Wanda bai taɓa zuwa garin nan ba, bari in gaya masa: daga Janairu zuwa wani Janairun gumi ake yi. Ki yi wanka, kafin ki gama ɗaura zani kin sake jiƙewa. Shekararmu huɗu a hawa na tara a Pantai Dalam, ban taɓa neman bargo ba. Amma da watan Nuwamba ya kama, Baban Mubina zai zauna bakin gado bayan sallar asuba, ya buɗe kwalbar basilin, ya mulke hannu har gwiwar hannu, ya mulke ƙafa har ƙwauri, ya fita yana ƙyalli kamar ƙosan da aka tsamo yanzu. Ba ya fasawa sai ƙarshen Fabrairu, ranar da kwalbar ta ƙare.

Abin yana da asali. A wani ƙauye bayan Rano aka haife shi, kuma yana yaro faso ya so ya kassara shi. Ya ce akwai shekarar da diddigensa ya tsage har jini, ya yi sati uku bai taka zuwa makaranta ba. Tun daga nan mahaifiyarsa, Inna Ruƙayya, ta kafa doka: sanyi na shigowa, a shafa mai. Ya yi firamare da mai, ya yi sakandare da mai, ya yi digiri biyu a kimiyyar sinadarai, ya zama malamin kwaleji, ya auro ni daga Fagge, doka tana nan ba ta motsa ba.

Da ya samu tallafin gwamnati zuwa Malesiya don digiri na uku, Inna ta tambaye shi me zai je ya karanto. Shi kuma don ya burge tsohuwa, ya fassara mata taken binciken nasa kaf: gurɓatar bakin kogi da man fetur a lokacin hunturu. Duk tsawon maganar nan kalma ɗaya Inna ta tsinta.

"Hunturu? Ashe can ma ana yi. Allah sarki."

Washegari ta aika Rano aka sayo babbar kwalba. Tun daga lokacin, duk Nuwamba sai ta samu ɗalibin da zai taho, ta ɗora masa saƙo. Kowa uwarsa na aiko masa da kilishi da yaji da kuka, mu basilin ake kawo mana.

Ita kanta kalmar hunturun, kuskure ne ya shigar da ita cikin taken. A Kano ya rubuta takardar neman tallafin, ya ga masu irin binciken a ƙasashen sanyi suna sa winter, shi ma ya liƙa. Ranar da ya fara ganin malamar da za ta duba aikinsa, wata farfesa 'yar ƙasar, gajeriya mai farin gilashi, ta karanta ta ɗago kai.

"Winter kuma? A ina, lah?"

Ya so ya cire, amma ofishin da ya ba shi tallafin a gida ya ce canja kalma ɗaya sai an rubuto wasiƙa, an zauna, an buga hatimi. Wanda ya san gida ya san ma'anar wannan. Sai Farfesa ta nema masa mafita: akwai iskar da ke kaɗowa daga arewa tsakanin Nuwamba da Maris, ta zo da ruwan sama, kuma wasu littattafan suna kiranta iskar winter. Shi ke nan, take ya zauna. Hunturun Baban Mubina damina ce tsagwaronta.

Ga aikin nasa. Kogin Klang, wanda ya ratsa birnin nan yana kwasar dattin kowa, idan ya kusa teku sai ya rarrabu gida-gida, ya bar tsibirai na laka da itatuwan da ke tsaye cikin ruwa. Sau biyu a wata Baban Mubina zai hau jirgin ƙasa daga tasharmu har Pelabuhan Klang, inda layin ya ƙare. Can akwai wani tsohon masunci mai ƙaramin jirgin ruwa, wanda kowa ke kira Pak Cik, wato baffa. Su jira ruwa ya janye, su bi wurare goma sha biyu, ya ɗebi laka a kwalabe, ya kawo ɗakin gwaji. Akwai na'urar da ake ba wa lakar, ita kuma ta zana layi a takarda. In akwai mai a ciki sai layin ya yi tozo.

Shekara uku yana wannan. Ni kuwa shekara uku ina wankin wandon da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mutum ya bar Kano da mota da ofis, ya zo ƙasar mutane yana kwasar laka! In na yi mita sai ya ce, "Fiddausi, ai sunan garin ma laka ne. Lumpur ɗin da kike ji, laka ake nufi." To ni ina ruwana.

Sai ga sakamako ya fito, ba ƙarami ba. Daga Maris zuwa Oktoba layin na kwance, ɗan tozo nan da can. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wurare sha biyun sai tozo ya tashi ƙato, har wuraren da ke nesa da tashar jiragen ruwa, inda ko kwale-kwale ba ya yawan bi. Shekara uku a jere haka. Farfesa ta rasa inda za ta sa shi don murna. Suka ce ruwan sama ne ke wanko baƙin mai daga garejoji da kwatocin birni ya kai teku. Suka rubuta maƙala suka aika wata mujalla. 'Yan Najeriya da ke taruwa shan shayi a kedai mamak, wato shagon shayi da abinci na ƙasan gidanmu, suka sa masa Dakta Hunturu, shi kuma wai ba ya so, amma na lura tafiyarsa ta canja.

Ni ma ba a bar ni a baya ba, kada in yi muku ƙarya. An sa ranar viva, wato zaman da zai kare kundinsa gaban malamai, ƙarshen Maris. Tun Fabrairu na ɗaure akwatuna. Na kira gida na ce a share ɗakina. Firjina ma na ba maƙwabciyata Hadiyya kyauta, ina wani yauƙi, wai mu ai mun gama. Har na fara gwada sa hannu a bayan takardar 'yarmu Mubina: Fiddausi, matar Dakta.

Akwai abu ɗaya da na gani da idona tun shekara ta biyu, ban ɗauke shi bakin komai ba. Wani Janairu na nace sai na bi su na ga tekun nan. Allah na tuba, ban sake ba. Jirgin na rawa, cikina na juyawa, Pak Cik na miƙo mini alewar citta yana cewa boleh, boleh, wai zan iya. Ina rungume da bokiti na hango Baban Mubina tsaye cikin laka har gwiwa. Ya sa safar hannu ta roba, amma hannun ya sha mai, ga gumi, safar sai zamewa take yi. Ya ja ta sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya yi tsaki ya zare ta ya cusa a aljihu. Ya ɗebo laka da cokalin ƙarfe, ya bi da tafin hannu yana danna ta cikin kwalba, yana shafe bakin, yadda ake gyara malmalar tuwo. Na ce a raina mutumin nan akwai tsaftar aiki. Sai amai ya taso mini, na manta da zancen.

Saura sati uku viva, wata Asabar da hantsi, ya ce in zauna ya gwada jawabinsa a gabana. Na zauna ina yankan kuɓewa. Ya yi ta zuba Turanci yana nuna bango da muciyata, ni ko kashi ɗaya cikin goma ban gane ba. Da ya gama ya ce in yi tambaya, kowace iri, don ya saba.

Na ce, "Baban Mubina, ita na'urar taku, me take gani ne takamaimai? Fetur?"

Ya gyara tsayuwa. Tambayar jahili tana yi masa daɗi. "Ba fetur kaɗai ba. Duk abin da aka tato daga ɗanyen mai. Gas, baƙin mai, kwalta, kyandir. Ko ɗigo ɗaya ne a kwalba, sai ta nuna."

Na yi dariya na ce, "To Allah ya so ba ta shinshina hannunka, da ta kama basilin ɗin Inna."

Wallahi wasa nake yi. Baki shi ke yanka wuya.

Bai yi dariya ba. Ya tsaya da muciya a sama. Ya dubi hannunsa, ya juya shi ciki da baya. Ya dubi bango, ya fara ƙirga wani abu da yatsu, ina jin yana cewa Nuwamba, Disamba, Janairu. Sai ya zauna a ƙasa daɓas, a kan tayil, mutumin da ko a masallaci sai ya kaɗe wuri kafin ya zauna.

"Fiddausi, kin taɓa ganin na cire safa?"

Na ce na gani, ranar da na bi su.

"Da zafi ba ta zamewa," in ji shi, ba da ni yake ba. "Da zafi ba na shafa komai."

Ranar Litinin ya tafi ɗakin gwaji da tsohuwar kwalbar, akwai ɗan saura a gindinta. Ya ɗebi yashi mai tsabta wanda aka ƙona a wuta, ya shafa mai a tafinsa, ya danna yashin sau ɗaya, ya ba na'ura. Da la'asar ya dawo da takarda biyu ya shimfiɗa mini a kan tebur. Ɗaya ta yashin, ɗaya ta bakin kogi. Ban yi kimiyya ba, amma ina da ido. Tozon ɗaya ne, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Nan fa aka yi ta. Ni na fara, kuma ba zan ɓoye abin da na ce ba.

"Wa ya sani? Ni da kai. Ni kuwa na manta. Baban Mubina, ka rufa mana asiri. Kogin nan dai ba zamzam ba ne, kowa ya san da mai a cikinsa. Ƙarya ka yi masa? Ɗan ƙari ne kawai. Sati uku ya rage! Na ba da firji!"

"In wani ya zo ya auna bai samu ba fa?"

"Lokacin kana Kano kana shan fura. Ya zo Kano ya same ka."

"Farfesa ta sa sunanta a maƙalar nan. Kuma Pak Cik kullum sai ya tambaye ni me laka ta ce. Wurin da yake kamun kifi ne, Fiddausi. In ce masa me? Man ƙafata ne?"

Na ce ya ce masa duk abin da ya ga dama. Na ce tsoron Allah ba hauka ba ne. Na ce shekara uku ina wanke masa laka, ba zan ƙara ta huɗu saboda kwalbar mai ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba, har da cewa da ya ji maganata tun farko da ya daina shafe-shafen ƙauye. Wannan ta taɓa shi, na gani a fuskarsa, amma bai rama ba. Ya naɗe takardunsa ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na ce to ya je ya yi wankan shi kaɗai.

Ya kuwa je. Ya ce da ya gama bayani Farfesa ta cire gilashi ta yi dariya har da hawaye, tana buga tebur, tana cewa ashe da gaske akwai winter a Malesiya, a hannun mutum ɗaya. Sai dariyar ta tsaya. Ta mayar da gilashinta. Ta rubuta wa mujallar a gabansa ta janye maƙalar, ta soke ranar viva. Ta ce lakar watannin zafi tana nan da kyanta, amma ta hunturu uku duk ta tashi aiki, sai ya jira wani Nuwamban ya sake ɗiba daga farko. Shekara guda cur. Da zai fita ta ce masa ɗalibai da yawa sun shigo ofishin nan da sakamako mai kyau, shi ne na farko da ya shigo ya kashe nasa da hannunsa.

Labari a cikin 'yan Najeriya ba ya kwana. Kafin Juma'a Dakta Hunturu ya koma Dakta Basilin. Yana shiga kedai mamak wani zai ɗaga murya, "A kawo masa burodin roti, kada a sa mai, ya zo da nasa!" Har Haggai, mutumin Jos da ba ya shiga harkar kowa, sai da ya ce in motarsa ta fara ƙara zai kawo a shafa mata hannu. Shi dai murmushi kawai yake yi. Ni ce na ji jiki. Na kwance akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Na je wajen Hadiyya roƙon firjina, ta ba ni, amma sai da ta tambaye ni sau uku, "Au, ba ku tafi ba, matar Dakta?" Sati biyu ban yi masa magana ba sai ta abinci.

Tallafi ya ƙare, ya samu aikin taya ɗalibai gwaji a sashensu, ni na koma soya samosa ina kai wa kedai. Haka muka lallaɓa har Nuwamba. Kwalbar Inna ta iso kamar kullum, naɗe cikin ɗankwali. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora ta can saman kwaba, bai buɗe ba. Farfesa cewa ta yi ya guji mai ranar ɗiba kawai, ya riƙa sa safa biyu. Shi kuwa ya ce sam, ba zai taɓa mai ba har sai kwalbar laka ta ƙarshe ta wuce ta na'ura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na ɗauka fatar da ke cikin gumi ba ta fasowa. Ashe ban sani ba. Ruwan gishiri na shiga takalminsa na roba ya jiƙa ƙafar wuni guda. Ya dawo ɗakin gwaji, inda na'urar sanyi ke busawa ba dare ba rana, ya wanke hannu da sabulu mai kaifi sau goma. Kafin ƙarshen Disamba yatsunsa sun yi fari sun tsattsage. Diddigen kuwa ya buɗe baki. Da safe ina jin sa yana takawa zuwa banɗaki a kan yatsu, yana jan iska ta haƙori don kada in ji.

Ba mu gaya wa Inna komai ba, mun ce karatu ne ya ƙaru. Sai wata Juma'a a Janairu, muna waya da ita ta bidiyo, ya ɗaga hannu zai gyara hula. Idon tsohuwa bai ga allo da kyau ba, amma ya ga wannan.

"Tsaya. Nuna mini hannun nan. Fiddausi! Kina ina? Haka kike riƙon ɗana? Ina man da na aiko?"

Na buɗe baki zan kare kaina, ya riga ni. Ya gaya mata komai, a hankali, da Hausar ƙauyensu: laka, safa, na'ura, tozo. Da ya gama sai ta ce:

"Ashe man nawa ne ya ɓata maka aikin shekara uku."

"A'a, Inna. Ni na cire safa."

"Ita malamar taka, ta sani?"

"Ni na je na gaya mata."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

Ta gyara lulluɓinta. "To madalla. Da ka ɓoye, da ni da kai ne." Ta sake kallon hannun. "In ka gama da lakar, ka shafa. Ka ji ko?"

Ina gefe ina riƙe da wayar, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta gane cikin minti ɗaya abin da ni na yi sati biyu ina gaba a kansa.

Sakamakon gaskiya ya fito a Afrilu. Ba shi da armashi kamar na farko. Wurare tara lafiya lau, ba wani tozon a zo a gani. Amma wurare uku, kusa da inda wani babban kwata ke zuba, mai na nan, kuma yana ƙaruwa sosai in an yi ruwa. Da ya nuna wa Pak Cik a taswira, tsohon ya ɗora yatsa a wurin ya ce nan ne ya daina jefa raga tun shekara biyar, shi da sauran masunta, ba wanda ya yarda da su. Ya nemi a ba shi kwafi ya kai wa ƙungiyarsu. An sa sabuwar ranar viva a Yuli. Ban ɗaure akwati ko ɗaya ba, firji kuma ko kallonsa Hadiyya ta yi sai na harare ta.

Ranar da kwalbar laka ta ƙarshe ta wuce ta na'ura, ya dawo gida bayan la'asar yana ɗingishi. Ya zauna a kujera ya zare takalmi a hankali. Na taka kujerar tsugunno na sauko da kwalbar Inna daga saman kwaba, na kwance ɗankwalin, na zauna a ƙasa na jawo ƙafarsa kan cinyata. Ban taɓa duba diddigen da kyau ba sai ranar. Tsagar ta yi zurfi, gefenta baƙi, cikinta ja. Wata biyar yana taka wannan zuwa tashar jirgi, bai ce mini uffan ba. Tausayinsa ya kama ni.

Na ce, "Baban Mubina, abin da na ce ka yi shiru ɗin nan, ka yafe mini."

Ya yi kamar bai ji ba, yana ƙoƙarin janye ƙafar. "Ke, Afrilu fa muke. Hunturu ya wuce."

Na riƙe ƙafar gam, na lakato mai da yatsa biyu.

Na ce, "Inna ta ce in ka gama ka shafa. Miƙo ɗayar."